Tambayoyinku: Wane Wata Ya Fi Dacewa a Ziyarci Birnin Roma?

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Assalamu alaikum, Malam. Babban yaron gidanmu yana karatun digiri na biyu a birnin Roma na ƙasar Italiya, rabonmu da shi shekara biyu ke nan. Ni da mahaifinsa mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa, muna so mu je mu gan shi, mu yi kamar kwana goma. Ni watan Agusta na zaɓa, saboda lokacin nake dogon hutu, kuma an ce babu sanyi, ni kuwa ba na shiri da sanyi ko kaɗan. Alhaji yana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Yaron ya ce akwai zafi a Agusta, na ce masa wanda ya sha zafin Afrilu a Zariya, wane zafin Turai ne zai ba shi tsoro? Don Allah a ba mu shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sada fuskokinku da alheri, Ya ba Alhaji lafiya. Ki saurari yaron nan, gaskiya ya faɗa miki. In da hali ku bar Agusta, ku je a makonni uku na farkon Oktoba. In aikin makaranta bai bari ba, to hutun Afrilu.

Da sunan wata zan riƙa magana, ba da sunan yanayi ba, domin nan ne mutanenmu suke rikicewa. A rediyo za ki ji an ce "lokacin bazara a Turai", wani yana nufin Afrilu, wani yana nufin Yuli. Yanayinsu bai hau kan namu ba. Lokacin da muke tsakiyar damina su suna cikin ƙuna da fari, ruwansu kuma sai Oktoba da Nuwamba, lokacin da mu muke girbi.

Aikin gona ne ya fara kai ni Roma, domin can ne hedkwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya take. Na je tarurruka a watanni dabam-dabam, daga baya kuma na koma da kuɗin aljihuna tare da maiɗakina. Wannan tafiyar ta ƙarshe a Agusta muka yi ta, kuma irin lissafin da kika yi shi muka yi.

A takarda kina da gaskiya. Zafin rana a Roma a Yuli da Agusta yakan tsaya wajen digiri 31 zuwa 33, abin da bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a Afrilu ba, ko da yake a ranar 18 ga Yulin 2023 ya haura 41. Amma ki tambayi kanki, a gida wa yake fita yawon buɗe ido da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu? Kowa yana zaure ko ƙarƙashin darbejiya, sai la'asar ta yi sanyi a fito. A Roma kuwa kun kashe kuɗin jirgi ne don ku fita ku gani, kuma birni ne na tafiyar ƙafa. Layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa uku ne kacal, saboda duk inda aka haƙa sai an ci karo da kufan mutanen da, aiki ya tsaya. Tsakiyar tsohon gari, inda yawancin abin kallon yake, gefensa kawai jirgin yake bi. Titunan kuma an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu da suke kira sampietrini. Suna shan rana tun safe, da azahar za ki ji zafinsu ta tafin takalmi, kuma ba su daidaita ba, wani ya ɗago wani ya nutse. Mai lafiyar gwiwa ma sai ya ji a jikinsa, balle Alhaji. Ga teku ba ta kai kilomita 30 daga garin ba, don haka zafin mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba. Kar kuma ki manta daga inda za ku taso: Zariya a Agusta marka ake yi, a kwana uku ba a ga rana ba. Jikin da ya saba da wannan sanyin shi za a sauke a tsakiyar ƙuna. Ma'aikatar lafiyarsu da kanta takan sa wa birane jar alama idan zafi ya tsananta, ta shawarci dattawa da masu ciwon zuciya da hawan jini kada su fita daga 11 na safe zuwa 6 na yamma. Idan aka cire waɗannan awoyi bakwai, me ya rage a yinin baƙo?

Akwai abu na biyu da ba a faɗa wa baƙo. Ranar 15 ga Agusta babbar ranar hutu ce a Italiya, Ferragosto, wadda asalinta tun zamanin Sarki Agustus, shekara 18 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A makonni biyun da ke kewaye da ita 'yan gari sukan kwashe su tafi bakin teku ko kan duwatsu. Mu ranar 13 muka sauka. Washegari na fita neman wani ɗan gidan abinci da na saba zuwa a unguwar Testaccio, na tarar an ja ƙofar ƙarfe har ƙasa, an manna farar takarda da rubutun hannu: chiuso per ferie, wato an rufe, an tafi hutu, sai ƙarshen wata. Mai gyaran takalmi na kusa da shi haka, mai sayar da burodi haka, kantin magani na kwanar ma ya manna sunan wani kantin da za a je. Layin gaba ɗaya tsit, sai kukan gyare a kan itatuwa. Motocin haya na gwamnati an rage su, muka tsaya a rana kusan minti arba'in. Masaukinmu kuma, wanda ba zan kama sunansa ba, na'urar sanyaya ɗakinsa ta mutu, aka ce mai gyara ya tafi hutu. Kwana uku maiɗakina tana jiƙa tawul tana ɗorawa a goshi. Wuraren tarihin dai a buɗe suke, cike da baƙi irinmu, amma garin da kansa ba ya nan.

Oktoba fa? Mutanen Roma har suna suka ba wa kwanakinta masu kyau, ottobrate, tun zamanin da ake fita bayan gari shagalin gama girbin inabi. Da rana digiri 22 ko 23, da dare ya sauko 12 ko 13. Kwatanta shi da safiyar ƙarshen Nuwamba a Zariya, kafin hunturu ya kankama, amma babu ƙura. Za ki iya tafiya daga safe har magariba da mayafinki ba ki yi gumi ba. Wata la'asar a tsakiyar Oktoba, bayan an tashi daga taro, na hau tudun Aventino da ƙafa zuwa wani ɗan lambun lemo da ke samansa. Daga bakin katangar ana hango kogin Tiber a ƙasa, da rufin gidaje, da ƙubbar majami'ar Batikan can nesa. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya koma ruwan zuma a jikin gine-ginen. Tsofaffin unguwa suna zaune a benci suna hira, yara 'yan makaranta suna guje-guje. Na yi kusan awa guda a wurin, ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba. Irin wurin da nake so Alhaji ya zauna ke nan da ɗansa a gefe, su yi hirar shekara biyu.

Ba zan ɓoye miki aibin Oktoba ba. Ba wata ne mai araha ba, domin duniya ta gane daɗinsa. Kuɗin masauki yana sama, har ya fi na Agusta, layin shiga wurare kuma yana da tsawo. A makon 16 ga wata, Ranar Abinci ta Duniya, wakilan ƙasashe sukan cika masaukan da ke kewayen hedkwatar hukumar da na ambata, kusa da Circo Massimo, tsohon filin tseren dawaki na Romawan da, don haka ku nemi wata unguwar. Ruwa yana fara sauka, yawanci kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu sannan gari ya washe, sai ku riƙe laima. Tunda kin ce ba kya shiri da sanyi, ga abin da ya kamata ki sani: doka ce take tsara lokacin kunna na'urar ɗumama gidaje, kuma a Roma ba a kunnawa kafin Nuwamba. Idan dare ya yi sanyi a Oktoba, bargo ne gatanki. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri guda ɗaya da safa. Kada kuma ku wuce Lahadin ƙarshe ta watan. Ranar ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacinsu ya dawo daidai da na Najeriya da Nijar, magariba ta faɗo wajen biyar da 'yan mintoci, Kolosiyam kuma, wato katafaren filin wasan nan na Romawan da, ya koma rufewa ƙarfe 4:30 na yamma. Yini ya gajarce ke nan.

Sai maganar yaron. A Oktoba jami'o'i sun koma, yana shiga aji. Ni ban ɗauki wannan matsala ba. Za ku ga rayuwarsa yadda take, ɗakinsa, abokansa, kasuwar da yake cefane, ba garin da kowa ya gudu ya bari ba. Ku daidaita kwana goman su ƙunshi Asabar da Lahadi biyu.

Idan shugaban makarantarku bai ba ki izini a Oktoba ba, hutun zango na biyu ya ishe ku. Afrilu ta fi Oktoba ɗan sanyi, wajen digiri 19 ko 20 da rana, amma yini yana ƙara tsawo kullum, magariba sai kusan takwas. Garin yana fure ta ko'ina. Ana jera tukwanen furanni a kan Matakalar Sifaniya, wata shahararriyar matakala a tsakiyar gari, lambun wardi na birni yakan buɗe wajen 21 ga wata, ranar da suke bikin kafa Roma, wadda suke lissafawa daga shekara ta 753 kafin Miladiyya. Abu ɗaya za ki duba a kalanda kafin ki sayi tikiti: Ista. Ranarta tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A makonta Kiristoci daga ko'ina a duniya suke cika garin, ranar Juma'ar makon da dare akan yi jerin gwano a Kolosiyam a rufe hanyoyi, masauki kuma ya yi tsada ƙwarai. Ku sauka ko da kwana uku ne bayanta. Ku kuma lura da 25 ga Afrilu da 1 ga Mayu, ranakun hutu ne, su kansu 'yan ƙasar suna kwararowa.

In kuwa duk an duba Agustan ce kaɗai mafita, ganin ɗa ya fi ƙarfin zafi, ku je. Amma ku ɗauki kwana goman ƙarshe, lokacin da mutane suka fara dawowa. Ku tabbatar a rubuce cewa ɗakin yana da na'urar sanyi da lif. Ku fita bakwai na safe, ku dawo sha ɗaya, ku yi ƙailula kamar a gida, ku sake fita bayan la'asar. Ruwan sha ba sai kun saya ba. Garin yana da famfunan ƙarfe fiye da 2,000 a bakin titi da suke kira nasoni, wato masu dogon hanci, ruwa mai sanyi yana zuba dare da rana. A saman hancin akwai ɗan rami. Ki toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai yi tsalle ta ramin ya zo daidai bakinki. Alhaji kuma ya ga likitansa kafin tafiya a kan maganin hawan jininsa da zafi.

Ko wane wata kuka tsayar, biza ce za ta fara. Ana karɓar takardun neman bizar Shengen, wato ta shiga Italiya da yawancin ƙasashen Turai, tun wata shida kafin tafiya, kuɗinta yuro 90, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Samun ranar ganawa shi ne mai wuya, musamman daga Mayu zuwa Agusta da ɗalibai da masu hutu suke rububi. Mai son Oktoba ya fara a Yuni. Tikitin Kolosiyam ma ta intanet ake saya tun kafin a taso, da suna da awar shiga a jiki, don haka ku riƙe fasfo ranar. Ku kuma sa harajin kwana a lissafi: kowane baƙo yana biyan yuro 4 zuwa 10 a kowane dare gwargwadon darajar masaukin, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da kuka gani.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Ranka ya daɗe, ni takalma da jakunkuna na Italiya nake so in fara kawo wa wasu manyan kwastomomina. Yawon kallo bai dame ni ba. Yaushe kaya suka fi sauƙi?

Amsa: Alhaji, naka lissafin dabam ne da na Hajiya. A Italiya ba kowane kanti ne yake karya farashin ƙarshen yanayi ranar da ya ga dama ba, hukuma ce take sa rana. Sau biyu ne a shekara, suna kiransa saldi: na farko a kwanakin farkon Janairu, dab da hutun 6 ga wata, na biyu Asabar ɗin farko ta Yuli. A jihar Lazio, inda Roma take, mako shida ake yi. Ni Janairu zan ce maka. Jirgi da masauki sun fi araha a duk shekara da zarar an wuce 6 ga wata, kuma ba za ka yi dakon kaya cikin ƙunar Yuli ba. Sai dai ka sani kayan sanyi ne suka fi yawa a lokacin. Idan buɗaɗɗun takalma na zafi kake nema, irin waɗanda za su shiga a Kano, dole sai Yuli. Makon farko ake samun lamba da launin da ake so, makon ƙarshe farashi ya fi faɗuwa amma saura ne.

Ka bi titin Cola di Rienzo da Via del Corso, sannan ka ba wa Castel Romano yini guda, wata unguwar kantuna ce a bayan gari inda ake sayar da kayan manyan kamfanoni da rangwame. Harajin kaya a can kashi 22 cikin 100 ne, kuma wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya karɓo wani kaso nasa idan sayayyarsa a kanti ɗaya ta haura yuro 70. Ka nuna fasfo a kantin su cika maka takarda, a tantance ta a filin jirgin Fiumicino kafin ka ba da jakunkuna. Wannan tsari na kayan amfanin kai ne. Idan sari kake nufi na gaske, Milan ce gidanka, wajen bajekolin takalma na MICAM da ake yi a Fabrairu da Satumba.

Sanyin Janairu ba na kisa ba ne: digiri 12 da rana, 3 da dare, dusar ƙanƙara kuma sai an yi shekaru, kamar a Fabrairun 2012 da na 2018. Amma idan iskar arewa da suke kira tramontana ta taso, tana ratsa babbar riga kamar ba ka sa komai ba. Ka sayi kwat mai nauyi a ranar farko, ai lokacin arharsa ne.

Tambaya daga wani matashi a Maraɗi: Baba, an gayyace ni wani kwas na wata ɗaya a Roma, an ba ni zaɓi tsakanin Fabrairu da Yuni. Damuwata salla da azumi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka fara da wannan. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai tara saura 'yan mintoci, isha ta kai kusan sha ɗaya na dare, asuba kuma wajen uku da rabi. Tsakaninsu awa huɗu da 'yan kai, ga aji da safe. Mu da muka saba dare da rana kusan kai ɗaya, wannan yana wahalar da mu fiye da zafin. A 'yan shekarun nan Ramadan a Fabrairu da Maris yake faɗawa, yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Kada hakan ya sa ka guje wa Fabrairu. Azumin Fabrairu a Roma awa goma sha biyu ne da ɗan ɗoriya, cikin sanyi, ba ƙishirwa. Bai kai na Maraɗi wuya ba. Ni shi zan ɗauka.

Cefane ka je kasuwar Esquilino, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini. Akwai mahauta Musulmi, akwai kuɓewa da doya da attaruhu da dabino. A gidan abinci ka kiyayi carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman alade ake yin su. Ka nemi cacio e pepe, taliya ce da cuku da masoro kawai.

Ranar Juma'a ka je dandalin Piazzale Flaminio ka hau ƙaramin jirgin da ke fita arewa, ka sauka a Campi Sportivi, 'yan mintoci ne. Babban Masallacin Roma yana nan a gindin tudun Parioli. Hukumar birnin ce ta ba da filin a 1974, murabba'in mita 30,000, Sarki Faisal na Saudiyya ya tsaya wa aikin, aka aza harsashi a 1984, aka buɗe a Yunin 1995. Ginshiƙansa farare ne, kowanne ya rabu a sama kamar reshen dabino, haske yana shigowa ta bayansu. Ka je da wuri, ka sa safa mai kauri domin wurin alwala da farfajiyar suna da sanyi a Fabrairu. Bayan an idar, idan ba azumi ake ba, a bakin ƙofa za ka tarar da 'yan Maroko da Masar da Bangaladash sun kafa rumfuna suna sayar da kuskus da gasasshen nama da shayi mai na'ana'a. Ka tsaya ka kasa kunne a cikin taron. Ni a wurin na ji wani yana waya yana cewa "to sai na zo", na dafa kafaɗarsa, ashe mutumin Damagaram ne, shekararsa tara a garin. Shi ya nuna mini inda ake samun garin masara na tuwo.